Tsintacciyar Mage

Ni malamar lakwal ce, ajin 'yan shekara tara nake riƙe da shi. A Birni aka haife ni, nan cikin Damagaram, a Birni kuma aka yi mini aure, tsakanin gidanmu da gidan mijina ko kabu-kabu ba a hawa. Na fara da wannan ne don a san cewa matar da muka yi rigima da ita ba baƙuwa ba ce. Ta san uwata tun suna 'yan mata, ta ci tuwon sunana, kuma har gobe Iya nake ce mata.

Wanda ya san Zinder ya san zancen ruwa. Famfon layinmu sai ya kwana biyu ko uku bai ɗiga ba, in kuma zai zo, cikin dare yake zuwa kamar ɓarawo. Wata asuba a watan Janairu, hunturu na busawa har haƙora na haɗuwa, na ji ƙarar bokitai a waje, na san ruwa ya zo. Na yafa zane biyu, na ɗauki bido na fita. Hanyar famfon tana bi ta gefen wani juji da ke gindin manyan duwatsun nan da suka cika Birni. A nan na ji kuka siriri, na ɗauka tsuntsu ne. Na wuce, na ajiye bidona a layi, amma kukan ya ƙi fita daga kunnena. Sai na dawo na haska da wayata.

Kwalin sabulu ne, an ɗaure bakinsa da tsumma. 'Yan kyanwa huɗu a ciki. Uku sun sandare. Ta huɗun tana kwance a kan 'yan uwanta, fara da dabbare-dabbaren baƙi da ja, idanunta shuɗaye sun cika da kwantsa, tana buɗe baki amma muryar ta kusa ƙarewa. Ba ta fi tafin hannuna ba. Ban yi wani dogon tunani ba, na cusa ta cikin rigata, jikinta kamar ƙanƙara a kan fatata. Ranar dai gidanmu bai samu ruwa ba, sai da muka saya wurin 'yan garuwa.

Uwar mijina, Hajiya, tana kan tabarmar salla na shigo. Ta leƙa ta gani, ta taɓe baki ta ce, "Kin kwaso mana aiki. Ba ki ji an ce tsintacciyar mage ba ta mage ba?" Ta ƙara da cewa gashin mage na sa yara tari, kuma ba a san wanda ya yar da ita ba, ba a san da wace niyya ba. Maigida bai ce komai ba, wanda a wurinsa yarda ke nan. Ɗiyata ta fari kuwa, mai shekara goma a lokacin, tuni ta zazzage kwandon kayanta ta shimfiɗa tsohon ɗankwalina a ciki. Ita ta raɗa mata suna Tsintuwa.

Kuskuren farko na yi shi kafin hantsi. Na dama madarar gari irin ta shayi na ɗura mata da cokali. Kafin azahar gudawa ta kama ta. Maigida ya kira wani abokin mahaifinsa, tsohon ma'aikacin kiwo da ya yi ritaya, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin garken shanu da raƙuma da allura daga Tanut zuwa Gure. Ya zo a kan tsohon babur ɗinsa, ya ga abin da aka kira shi dominsa, ya yi dariya har da tari. Ya ce shekara talatin yana aiki, ba a taɓa tashinsa daga barcin rana saboda kyanwa ba. Amma ya zauna, ya juya ta a hannu, ya duba bakinta, ya ce ba ta wuce sati biyu zuwa uku ba.

Abin da ya koya mini a wannan zaman har yau yana kaina. Ya ce 'yar kyanwa mai wannan kwanaki ba ta iya ɗumama jikinta da kanta, sanyi ne ya kashe ukun kafin yunwa ta kai gare su, kuma ba a ba ta abinci jikinta na sanyi, sai ta ɗumama tukuna. Ya ce madarar saniya tana ɓata musu ciki. Akwai madarar da ake yi don su, amma na zaga ban samu ba, sai ya ce in nemi nonon akuya in tafasa, in kaɗa ɗan gwaiduwar ƙwai a ciki, in riƙa ba ta da sirinji marar allura duk bayan awa uku, dare da rana, tana kife a kan cikinta. In aka kwantar da ita rigingine kamar jariri, nonon zai bi ta hanyar numfashi. Abin da ya fi ba ni mamaki, ya ce ba ta iya fitsari ko kashi da kanta sai uwa ta lashe mata ƙarƙashin wutsiya, don haka bayan kowace ciyarwa in shafa mata wurin da tsumma mai ɗumi. Da ya ga ƙuma a jikinta, Hajiya ta ce a fesa fiya-fiya. Ya ɗaga murya ya ce kul, wannan kisa ne, a tsince su da hannu da mataji. Ya kuma ja mini kunne kan farasitamol, ya ce ƙwaya ɗaya tana iya kashe babbar mage.

Yana ɗaura hularsa ta babur zai tafi, sai ya juyo ya ce, "Malama, duk wannan dabara ce ta rashin uwa. In kin ji labarin uwarta a unguwa, ki mayar mata. Babu sirinjin da ya kai nonon uwa."

To, a nan laifina yake, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan. Na ji labarin uwarta. Ba a bakin mutum na ji ba, da kunnena na ji ta. Dare na biyu da na uku da na huɗu, wata mage tana bin katangu tana wani irin kuka mai tsawo, irin wanda duk macen da ta taɓa shayarwa ba sai an fassara mata ba. Dare ɗaya ma har ta sauko tsakar gidanmu, na hange ta ta taga a hasken wata, nonuwanta sun cika suna reto. Na gane ta sarai. Magen Iya ce, gida na biyar daga namu. Na tashi na rufe ƙofar ɗaki, na ƙara lulluɓe kwandon. Na ce wa zuciyata gidan da ya ɗaure jarirai a kwali ya kai juji cikin hunturu bai cancanci a mayar masa da komai ba. Wannan hujjar tana da ƙarfi, amma ba ita ce gaskiyar ba. Gaskiyar ita ce, a kwana huɗun nan abar ta riga ta shiga raina.

Ta rayu. Wata maƙwabciya mai jar akuya irin ta Maraɗi tana tatsar mini kofi guda kullum. Na riƙa zuwa lakwal da jajayen idanu, abokan aiki na tsokanata wai na yi haihuwar ɓoye. A sati na biyar ta fara lasar dafaffen kifi da aka murmushe, ta koyi tonon yashi a tsohon kwano ba wanda ya nuna mata. Idanun nan shuɗaye suka rikiɗe suka koma ruwan zuma. Hajiya da ta ce na kwaso aiki, ita aka fara kamawa tana ajiye mata hanta a gefen faranti. Da ta cika wata uku, tsohon ya dawo ya ba ta maganin tsutsa, ya kuma yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, ya ce mage ma na ɗaukarsa kuma tana sa wa mutum ta cizo, kuma in alamunsa suka bayyana a jikin mutum sai dai a yi haƙuri. Duk abin da na kashe ina rubutawa a bayan kayen da nake shirya darasi. Halin malamai ne, ba da wata manufa ba. Ko kuwa da manufa, Allah ne masani.

Asiri ya tonu ta hannun almajirin da ke zuwa karɓar ragowar tuwo. Ya ga Tsintuwa tana wasa da igiyar guga, ya tsaya ya ƙura mata ido, ya tafi bai ce uffan ba. Washegari bayan la'asar, cikin zafin Afirilu, Iya ta yi sallama.

Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi Hajiya da jiki, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Na kawo mata ruwan randa ta sha. Sannan ta ce, "Ɗiyata, an ce jinin magena yana gidanki."

Na ce, "Wace mage, Iya? Wannan daga Miriya aka kawo mini ita, daga gidan ƙanwata."

Ɗiyata tana tsaye a bakin madafa. Ta ɗago ta dube ni. Ni da nake tsayawa gaban yara sittin kullum ina ce musu ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Iya ba ta musa mini ba. Ta gyara mayafinta ta ce, "To, Allah ya raya ta." Ta fita. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Maganar ba ta mutu ba, don ɗanta ya ɗauke ta da zafi. Ya tare maigida a ƙofar masallaci ya ce matarsa ta riƙe musu dabba kuma ta ƙaryata uwarsa. Ni ma da labari ya iso ni na hau, na ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, su fara faɗin wanda ya kai kwali juji. Mata suka rabu biyu a bakin famfo. Wasu na cewa mage ai ba dukiya ba ce, ba akuya ba ce balle a yi shari'a a kanta. Wasu na cewa ko allura ce, mai ita shi ne mai ita. Kafin sati ya zagayo mai unguwa ya aiko a kira mu, ya ce ba zai bari a ji a fada cewa unguwarsa ta rabu saboda kyanwa ba.

A zaurensa aka zauna bayan isha'i, da limamin masallacinmu, da maigida, da ɗan Iya, mu mata muna daga gefe. Aka kira almajirin. Yaron yana rawar jiki ya ce matar ɗan Iya ce ta ba shi dala ashirin ya kai kwalin juji, ranar da Iya ta tafi biki ƙauye. Matar tana da tsohon ciki a lokacin, an tsorata ta cewa 'yan kyanwa a gida na kawo wa mai ciki matsala. Iya ta dawo ta tarar babu su, aka ce mata muzuru ne ya cinye. Ɗan ya sunkuyar da kai, ashe shi ma a nan ya fara ji.

Sai Iya ta yi magana, a hankali. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, da shi ta rayu tun rasuwar mijinta. Ranar Alhamis take zuwa kasuwar Dole ta sayo gyaɗar da ake kawowa daga wajen Matamai da Magarya, ta ajiye a ɗakin da take kwana. Shekara bakwai magen nan tana tsare mata buhu, tana kwana a ƙafafunta. Bayan an kwashe 'ya'yan, nono ya sanƙare mata, ta rame, ta daina kamu. Ɓeraye suka samu sake, wani a gidan ya sayo maganin ɓera ya barbaɗa. Magen ta ci ɓeran da ya ci maganin. Iya ta ce a cinyarta ta mutu. Ta ce, "Ni ba kuɗi nake nema ba. Abin da ta bari nake nema."

Ina zaune ina jin kukan nan na kan katanga yana dawo mini.

Liman ya juyo gare ni. "Malama, da kika tsince ta, kin yi cigiya?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, a juji na same ta. Abin da aka yar ake yi wa cigiya?"

Ya ce wanda ya yar ba shi ne mai ita ba, kuma yarwar wani ba ta cire mallakar mai abu. Ya ce hukuncin tsintuwa sananne ne, yana nan a Risala da yara ke karantawa a zaure: abu mai daraja shekara guda ake cigiyarsa, ƙaramin abu kuwa masu sharhi sun ce kwanaki, kuma wanda ya zo nema sai ya faɗi alama. Ya tambayi Iya alamar. Ba ta taɓa ganin Tsintuwa kusa ba tun tana 'yar kwanaki, amma ta ce a shafa ƙarshen wutsiyarta, za a ji ya karye ya lanƙwasa kamar ƙugiya, haka aka haife ta, haka uwarta take. Ba sai an je an shafa ba. Yatsuna sun san wannan lanƙwasar fiye da kowa. Na ce, "Gaskiya ne. Kuma ba daga Miriya aka kawo ta ba. Iya, ki yafe mini."

Liman bai tsaya a kaina ni kaɗai ba. Ya juya wajen ɗan Iya ya karanto hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage, ta ɗaure ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Ya ce kwalin da aka ɗaure bakinsa da tsumma, a gaya masa bambancinsa da wannan. Ya ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu, kuma babban sahabi Abu Huraira 'yar kyanwa ce ta ba shi wannan laƙabi. Zauren ya yi tsit.

Daga nan ya faɗi abin da ban zata ba. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya tsinci dabba ya ciyar da ita, in mai ita ya bayyana ana ba shi zaɓi: ko ya biya abin da aka kashe ya karɓi dabbarsa, ko ya bar wa wanda ya ciyar. Ya tambaye ni ko na san abin da na kashe.

Kayen yana cikin jakata. Na zo da shi, kuma ba zan ce ban san dalilin zuwa da shi ba. Na buɗe na karanta: nonon akuya, ƙwai, sirinji, kifi, maganin ido, maganin tsutsa, allura. Jika 13 da dala ɗari, wato faran 13,500. Na san ribar ƙuli-ƙulin Iya ba ta kai haka a wata. Kowa a zauren ya sani. Nasara ta zo hannuna ta hanyar da ko liman ba zai ce na yi zalunci ba.

Ɗan ya fara laluben aljihu, Iya ta ɗaga masa hannu ta ce ba da kuɗin gidansa ba. Ta jawo bakin zanenta, ta fara kwance ƙulli da haƙori. Tsabar kuɗi suka zubo a tabarma, 'yan dala biyar, 'yan dala goma, da takardar jika ɗaya da ta sha mai har ta yi laushi. Tana ƙirgawa da yatsun nan da suka ƙone da suyar shekaru. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ga jika biyu da 'yan kai. Sauran a ba ni zuwa bayan salla."

Ban san lokacin da na rufe kayen ba. Na ce na yafe, ko dala ba na so. Amma na ce ina da roƙo, kuma a gaban mai unguwa nake so a ji: kada a sake sa maganin ɓera a gidan muddin tana ciki, a riƙa ba ta abinci da ruwa kada a ce ɓera ya ishe ta, a bar ni in kai ta allura in lokaci ya yi, kuma duk ranar da ta haihu, kada a raba ɗa da uwa sai ya cika wata biyu, ni zan nemo masu so. Game da mai ciki kuwa, na faɗi abin da tsohon ma'aikacin kiwo ya gaya mini, cewa abin kiyayewa shi ne kashin mage, kada mai ciki ta kwashe shi, ta kuma riƙa wanke hannu, ba sai an kai kowa juji ba. Iya ta ce ta ji ta ɗauka. Mai unguwa ya ce shi ne shaida, aka shafa fatiha.

Da safe ni na kai ta da kaina, cikin kwandon, da kwanon yashinta. Ɗiyata ta ƙi rakiya. Kwana uku ba ta yi mini magana ba sai gaisuwa, kuma da ta buɗe baki ba zancen rabuwa ta yi ba. Cewa ta yi, "Mama, me ya sa kika ce Miriya?" Na ba ta amsar da nake da ita, ba mai daɗi ba ce. Hajiya kuwa ta yi sati tana ajiye hanta a gefen faranti bisa mantuwa, in ta tuna sai ta yi tsaki ta ce ai dama ta faɗa.

Sau biyu Tsintuwa ta biyo katanga ta dawo, sau biyu ina mayar da ita. Na ukun ba ta zo ba. Na ji haushin hakan fiye da yadda ya kamata babbar mace ta ji.

Cikin mage wata biyu ne da 'yan kwanaki. Da kaka ta yi, aka fara shigo da sabon hatsi gari, jikan Iya ya zo da gudu ya ce ana kirana. Na tarar da Tsintuwa kwance a bayan buhun gyaɗa, cikin tsohon zanen Iya, da 'ya'ya uku suna tsotso. Matar ɗan tana tsaye daga bakin ƙofa da goyonta, ita ce ma ta kawo mini kujera. Ɗiyata ta durƙusa tana shafa wutsiyoyinsu ɗaya bayan ɗaya, har ta samu mai ƙugiya, wani baƙi mai farar ƙafa. Ta ɗago ta ce, "Iya, wannan nawa ne. In tafi da shi yau?"

Iya tana murza ƙuli ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Tambayi uwarki. Wata biyu ta ce a gaban mai unguwa, kuma yau kwanansu shida."